Takardar Harajin Uba

Ni mutum ne da ake cire wa haraji tun kafin ya ga albashinsa. Shekara da shekaru ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Yelwa, kuma ban taɓa riƙe albashina cikakke ba. Sai gwamnati ta ɗebe nata, ƙungiyar malamai ta ɗebe nata, asusun adashenmu ya ɗebe nasa, sannan a miƙo mini abin da ya tsira. Ban taɓa yin ƙorafi a fili ba. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, komai daɗewa harajin nan zai yi mini rana. Ranar kuwa ta zo, amma har yau in na tuna yadda ta kaya sai in ji raina ya ɓaci.

'Yata ta fari ba a hannuna ta tashi ba. A gidanmu ɗan fari ba ya zama wurin iyayensa. Ana yaye ta Inna, mahaifiyarmu, ta goya ta, ta kai wa yayana, wanda yake kamun kifi a ƙauyenmu, can tsallaken ruwa a ƙasar Ngaski. Lokacin ya jima da aure Allah bai ba shi haihuwa ba, har yau ma bai ba shi ba. Ba wanda ya nemi shawarata, ni ma ban sa ran a nema ba. Ni da uwarta ba ma kiran sunanta, ba ma jan ta da wasa a gaban mutane, in za mu yi zancenta sai mu ce yarinyar Yaya. Ita kuma shi take kira Baba, ni kuwa Baffa. Ta san ni na haife ta, a ƙauye ba a ɓoye irin wannan, amma sanin bai canza komai ba. Ranar da Yaya ya kai ta firamare aka tambayi sunan uba, ya ba da nasa. Sunan nan ya bi ta sakandare, ya hau kan takardun jarrabawarta duka, ya raka ta har ƙofar jami'a.

Kunyar ɗan fari ta hana ni kiran sunanta, amma ba ta hana ni ganin cewa yarinyar tana da kai ba. Tun tana ajin farko na sakandare na sa a riƙa cire mini wani abu daban a asusun adashen malamai, na ce wa abokan aikina kuɗin gini ne. Suka yi ta tsokanata, wai ginin nan nawa ko harsashinsa ba a gani ba. Na bar su suna dariyarsu. Da ta sami gurbin karatun harhaɗa magunguna, na je na cire kaso mai tsoka daga cikin tanadin, na tsaya da kuɗi a aljihu ina tunanin yadda zan yi da su.

Miƙa mata da hannuna ba zai yiwu ba. Uba ne yake biyan kuɗin makaranta, uban kuwa yana ƙauye. Yaya yana da asusun banki, wanda ya buɗe dole a lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya, masu sarin kifi suka ce sai dai su tura ta waya. Sai dai ba ya karatun boko, yarinyar ce take karanta masa saƙonnin banki. In na tura daga asusuna, sunana zai fito ɓaro-ɓaro a gabanta. Don haka na je wurin masu na'urar tura kuɗi a bakin kasuwar Yelwa, na ba su, suka tura masa kamar yadda 'yan sarin kifi suke yi. Na kira shi na ce ya duba asusunsa. Bai ce na gode ba, ni ma ban so ya ce ba. Ya kira yarinyar ya yi mata nasiha mai tsawo, ya ce ta je ta biya, Allah ya hore. Na ji daɗin dabarar nan tawa ƙwarai, har zango na biyu ma haka na sake yi.

Shekara ta zagayo, aka ƙara kuɗin makaranta, ƙarin da ko a mafarki ban yi tsammani ba. Abin da ya rage a asusuna ba zai kai ta ƙarshen karatu ba, ko ni da nake koyar da lissafi na juya shi ta kowace fuska ya ƙi. Ana cikin haka ta kira ni a waya, abin da ba ta cika yi ba. Bayan gaisuwa ta ce akwai wata hukuma da take ba ɗalibai tallafi, tana ɗauke musu wajen rabin kuɗin shekara. Ana neman takardar shiga jami'a, da ta shaidar ƙaramar hukuma, da kuma takardar shaidar biyan harajin uba na shekara uku. Ta ce an kusa rufewa.

Wallahi har wani faɗi na ji ƙirjina ya yi. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, haraji kam ko gwamna bai fi ni biya a kan kari ba. Na yi ta safa da marwa tsakanin makaranta da ofishin haraji, yau a ce in kawo takardun albashi, gobe a ce mai sa hannu ya tafi Birnin Kebbi, kuɗin kabu-kabu kaɗai ya isa ya sa mutum hawan jini. A ƙarshe takarda ta fito, da hatimi da komai. Na ɗauki hotonta na tura mata, na zauna ina jiran a ce an gode.

Da ta kira, muryarta a sanyaye take. "Baffa, sun ƙi karɓa. Sun ce sunan da ke kan takardar ba shi ne sunan mahaifina ba."

Ina riƙe da waya, 'yar cikina tana gaya mini cewa hukuma ta duba ta ga ni ba ubanta ba ne, kuma a takarda hukumar ba ta yi ƙarya ba.

Na koma ofishin a fusace. Jami'in da na samu wani dattijo ne mai tabarau, ba ɗan garin ba ne, kuma in faɗi gaskiya bai wulaƙanta ni ba, abin da ma ya ƙara ba ni haushi ke nan, don na zo da shirin faɗa na rasa da wa zan yi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce hanya biyu ce. Ko dai mu je kotu a yi takardar rantsuwa cewa ni ne mahaifi, yayana mariƙi ne kawai, shi ma ya dangwala hannu ya amince. Ko kuma shi mai sunan ya zo da kansa a buɗe masa fayil, a kimanta abin da yake samu, ya biya na shekara uku, a ba shi tasa takardar.

Ni a wurina zance ya ƙare. Hanya ta farko ba ta cin komai sai kuɗin hatimi. Na shiga mota zuwa bakin ruwa, na hau jirgin fito na tsallaka ƙauye, ina ta tsara maganar a raina yadda za ta fito da sauƙi.

Na tarar da shi a bayan gida yana juya kifi a kan banda, hayaƙi ya sa idanunsa sun yi ja. Muka gaisa, muka yi zancen ruwa da tsadar mai, na yi ta kewaye-kewaye har ya gaji ya ce in faɗi abin da ya kawo ni ranar aiki. Na faɗa masa duka, na fi ba hanya ta farko ƙarfi, ta biyun kuwa na ambace ta a gurguje.

Ya ajiye sandar da yake juya kifin. "Wato in tahi gaban alƙali in ce ba ɗiyata ba ta?"

"Ba haka na ba, Yaya. Takarda ta kawai, don su ba ta tallahin."

"To, takardar mi za ta ce?"

Na kau da kai na dubi kifin da ke kan banda.

"Ni na goya ta zuwa asibitin Yelwa sadda ƙyanda tak kama ta," in ji shi, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ba gori nikai ba, Malam. Tambaya nikai. Kai kac ce akwai hanya ta biyu."

Na yi masa bayani cewa hanya ta biyu kuɗi za ta ci, kuma in aka buɗe wa mutum fayil ba a rufewa, duk shekara za a neme shi. Na ce shi da yake biyan kuɗin tikiti a bakin ruwa da kasuwa kullum, me zai kai shi ya kai kansa inda ba a kira shi ba? Ya ce in faɗa masa ranar da zai zo.

Ya zo da babbar rigarsa ta sallah, tana ƙamshin kafur da ɗan hayaƙin banda. Muka zauna a gaban dattijon mai tabarau. Ya tambaye shi sana'a, ya ce su, wato kamun kifi. Ya tambaye shi abin da yake samu a shekara, ya ce abin da Allah ya ba shi. Jami'in ya yi murmushi, ya ce Allah ba ya aiko musu da rasit, ko yana da asusun banki? Haka muka tafi banki muka bi layi aka buga mana bayanin asusun, muka dawo rana ta take.

Sai da jami'in ya ɗora bironsa a kan takardar yana gangarawa sannan na tuna abin da ke cikinta. Ƙananan kuɗi ne suke shiga suna fita, na masu sarin kifi, ba wani abin a zo a gani ba. Can sai biron ya tsaya. Ya ɗan gangara ya sake tsayawa. Kuɗina ne, na zangon farko da na biyu, sun yi zaune a cikin asusun masunci kamar shanu a cikin awaki, kuma sunan da ke jikinsu na wani mai na'ura ne a bakin kasuwa.

Ban damu sosai ba, don takardar da asusun adashe ya ba ni ranar da na cire kuɗin tana aljihuna, na taho da ita saboda irin haka. Jami'in ma da kansa ya buɗe mana ƙofar mafita, ya tambayi Yaya.

"Baba, waɗannan manyan biyun fa? In wani ne ya turo maka, kyauta ko saƙo, ka faɗa mini, a kawo shaida, in fitar da su daga lissafi. Haraji a kan abin da ka samu da sana'arka yake, ba a kan abin da aka ba ka ba."

Na kai hannu aljihu. Sai na ji tafin Yaya a kan gwiwata, tafin mutumin da ya yi shekara arba'in yana jan taru. Ya danna.

"Kuɗɗin kihi na," in ji shi.

"Duka biyun?"

"Duka. Shekarar ta yi kyau. Da su nib biya ma ɗiyata makaranta."

Jami'in ya sauke tabaransa ya dube ni. Ya san labarinmu, ni na ba shi da bakina, kuma ba yaro ba ne. "Malam, kana da abin cewa?"

Ina da abin cewa mana! Ina da takarda mai hatimi a aljihu. Ina da bayanin da zan yi a cikin numfashi ɗaya: kuɗin nan daga albashina suka fito, an riga an cire musu haraji tun kafin su shiga asusun adashe, yanzu kuma za a sake yanka musu wani a matsayin kifin da ba a taɓa kamawa ba. Amma yayana ne, a gaban baƙo, ya faɗi magana. In na zaro takardar nan na ƙaryata shi ke nan, kuma na faɗa wa duniya cewa bai iya biya wa 'yarsa makaranta ba. Na dubi fankar da ke juyawa a sama na ce babu.

Dattijon ya ɗan jima yana kallonmu, sannan ya mayar da tabaransa ya kama aiki. Tunda mai sana'a ya ce haka yake samu, da wannan aka auna sauran shekarun. Ya sassauta inda zai iya, na ga alamar haka, amma da ya juyo mana da takardar na duba, abin da za a biya ya ɗara tallafin da muke nema. Ni malamin lissafi ina zaune aka yi cinikin da za a ba da babba a karɓi ƙarami, kuma na sa hannu a matsayin shaida.

Muna fita na kasa haƙuri. A gindin wani dogon yaro da ke ƙofar ofishin na tsayar da shi, na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa masa ba tunda aka haife ni. Na ce wannan ba mutunci ba ne, ɓarna ce. Na ce mutumin nan ba ya cikin danginmu, ba zai je ƙauye ya ba da labari ba, gobe ma ba zai tuna fuskarmu ba. Na ce da mun bar tallafin gaba ɗaya da mun fi riba. Har masu kabu-kabu suka fara juyowa suna kallonmu.

Ya bar ni na gama, yana gyara hannun rigarsa.

"Kai kab biya makaranta, na sani, ita ma wata rana za ta sani," in ji shi. "Amma mutum da biro ga hannunai, shina rubutawa, in ce mai ɗiyata ta shiga jami'a ban aza ko sisi ba? Sun ce takardar uba suka so. To, uban za ya biya."

Na ce to shi ke nan, tunda ɓarnar ta riga ta auku, zan cire daga abin da ya rage a asusun in biya. Ya ce in na taɓa kuɗin karatun yarinya saboda wannan, kada in sake taka gidansa. Ya tare kabu-kabu ya hau, ya bar ni a tsaye.

Ban san inda zai samo kuɗin ba, don lokacin ruwa ya cika, kifi ya yi wuya. Bayan 'yan kwanaki ya dawo Yelwa bai ko biyo ta gidana ba, ya biya, ya karɓi takardarsa, ya sa aka tura wa yarinyar. A bakin wani mai sarin kifi na ji sauran labarin. Injin jirginsa ya sayar. Tsohon inji ne, ya sha gyara, amma shi ne yake kai shi tsakiyar tafki inda manyan kifi suke, ya dawo da shi kafin kamun ya lalace. Ya sayar wa wani mai jigilar fasinja a farashin wanda yake cikin sauri. Abin da ya rage bayan harajin kuma, maimakon ya adana, ya aika mata ta sayi kwamfuta, wai an ce masu karatun magani ba sa yi sai da ita. Ranar ko abincin rana ban iya ci ba. Uwar yarinyar ta tambaye ni abin da ya faru, na gaya mata, sai ta ce ai Yaya ya kyauta. Na tashi na bar mata ɗakin kafin in faɗi abin da zan yi nadama.

Tallafin ya fito, ba a kan lokaci ba, amma ya fito, yarinyar ta ci gaba da karatunta. Ni kuma na yi rantsuwa ba zan sake tura ko kwabo ta asusun Yaya ba. Da lokacin biyan kuɗin zango na gaba ya matso, na cire su a dunƙule na ɗaure a cikin leda, na cusa a aljihun ciki, na shirya kai masa da ƙafata kamar mai safarar kayan sata. Ya yi daidai da hutunsu, ta sauka a gidana a Yelwa kamar yadda ta saba in za ta wuce gida, washegari muka shiga mota ɗaya. Tana baya da jakarta a cinya, ina gaba kusa da direba.

Mun isa bakin ruwa da hantsi. Na ce mu hau jirgin fito, ta ce a'a, Baba ya ce shi zai zo ya ɗauke ta, kullum shi yake zuwa. Muka tsaya muna jira. Jiragen inji suna ta zuwa suna sauke mutane da kwandunan kifi suna komawa. Ita tana ta kasa kunne, don ta san ƙarar injinsa a cikin dubu. Ni na riga na hango shi, can nesa, wani ɗan baƙin abu a kan ruwa da ba ya ƙara girma sai a hankali, amma ban nuna mata ba.

Da ya iso rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, yana numfashi ta baki, furfurarsa ta manne a goshi. Ya kafa filafilin tuƙi a cikin laka ya riƙe jirgin, yana yi mata dariya. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan idonta ya kai bayan jirgin, inda katakon ya yi fari a wurin da injin yake zama.

"Baba, ina injin?"

"Shina wurin gyara," in ji shi. "Kawo jakar."

Ba ta miƙa jakar ba. Ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Yarinya ce mai kai, ta san lokacin da aka ce ta sayi kwamfuta, ta san kuma kifi bai yi araha a bana ba. So take wani ya gaya mata gaskiya, kuma ta san ni na sani. Na ji maganar tana neman fita, da haushin ofishin, da na gindin dogon yaro, da na komai. Yaya bai dube ni ba, yana ta share gumi da gefen hularsa.

"Eh," na ce. "Yana wurin gyara."

Ta sunkuyar da kai ta shiga jirgin. Akwai wani filafili a kwance a ƙasa, na miƙa hannu zan ɗauka, ta riga ni. Ta naɗe hannun hijabinta, ta zauna a gaba ta fara tuƙi, shi yana baya yana gaya mata ta bi a hankali kada hannunta ya yi kanta. Ni suka sa a tsakiya tare da kaya.